Da wane mudu ake auna tasirin mai bincike? Labarin Farfesa Diggle da taswirar tsutsar ido

Duk wanda yake zama da malaman jami'a ya san wannan hirar, da an ambaci sunan wani farfesa sai wani ya zaro waya ya bude Google Scholar, shafin da ke kirga ambaton takardun bincike, yace bari mu ga sau nawa aka ambace shi, ma'aunin h dinsa nawa ne, daga nan an gama shari'a, in lambar ta yi sama to babban malami ne in bata yi ba sai a tabe baki. Shi wannan ma'aunin h din wani masanin fiziks ne mai suna Jorge Hirsch ya kirkiro shi a 2005, kuma lissafinsa ba wuya, in aka ce h dinka 20 ana nufin kana da takardu 20 da kowacce aka ambata a kalla sau 20 a rubutun wasu. Ni ban raina abun ba, mudu ne, kuma kasuwa bata ci sai da mudu. Matsalata dashi itace akwai hatsin da baya shiga cikinsa, kuma mutumin da ya fi nuna min haka shine Peter Diggle, wani Bature masanin kididdiga dan kasar Ingila.

An haife shi a 1950, yayi koyarwa a Newcastle, ya dan yi aiki a Ostireliya, daga 1988 kuma ya zauna a Jami'ar Lancaster. Ya shugabanci kungiyar masana kididdiga ta Birtaniya, Royal Statistical Society, daga 2014 zuwa 2016. Lambobinsa a Google Scholar ba na wasa bane, amma ba su suka kawo ni ba.

Fanninsa shine abun da zan kira kididdigar wuri. A kididdigar da aka koya mana a makaranta ana dauka kowace lamba zaman kanta take, ba ruwanta da makwabciyarta. To amma cuta ba haka take ba, kauyen da ke kusa da kauye suna shan ruwan rafi daya, sauro daya ke cizonsu, hayakin masana'anta daya suke shaka, zama da madaukin kanwa kenan. In ka auna kauye 50 da ke manne da juna a bakin kogi daya, kar ka yaudari kanka cewa kana da shaidu 50, watakila shaida 10 gareka da suke ta maimaita maganar juna. Amma kuma wannan kamannin yana da amfani, don shine yake baka damar ka yi hasashen halin kauyen da kafarka bata taba zuwa ba daga halin makwabtansa. Duk fannin akan wadannan fuskoki biyu yake zaune.

Kowa da John Snow yake fara labarin, likitan da ya bi gida gida a unguwar Soho ta Landan lokacin kwalarar 1854 da ta kashe sama da mutum 600, ya gano famfon titin Broad ne tushen abun. Abun da ba a cika fada ba shine an cire hannun famfon tun kafin ya fitar da shahararriyar taswirar tasa. Ainihin lissafin da ake amfani dashi yau ma ba daga asibiti ya fito ba, daga ramin zinariya ya fito. Wani injiniya a Afirka ta Kudu, Danie Krige, a 1951 yana neman yadda za a kimanta yawan zinariyar da ke karkashin kasa daga 'yan ramukan gwaji, sai wani Bafaranshe Georges Matheron yazo a shekarun 1960 ya gina masa ginshikin lissafi ya kuma sa wa dabarar sunan Krige din.

Wannan dabarar ta masu hakar ma'adinai tana aiki sosai in abun da kake aunawa awo ne mai santsi kamar giram nawa a tan daya. Amma bayanan lafiya kirge ne, an gwada yara 30 an samu 6 da cuta. Kauye ne aka gwada mutum 10 aka samu 2, wani kauyen aka gwada 500 aka samu 100, dukkansu kashi 20 cikin 100 ne a takarda amma duk mai hankali ya san na farkon da mutum daya ya tafi gona ranar gwajin da lambar ta canza, na biyun kuwa magana ce mai nauyi. A 1998 Diggle da abokan aikinsa biyu, Jonathan Tawn da Rana Moyeed, suka fitar da takardar da ta hada dabarar Krige da lissafin kirge a tsari daya, yadda kwamfuta zata san wane kauye zata yarda da lambarsa, wane ne zata jawo lambarsa kusa da ta makwabta, sannan ta fada maka iya girman shakkar da ke kan kowane hasashe.

Misalin da suka yi aiki dashi a takardar yana da ban tausayi. Tsibirin Rongelap ne a tsibiran Marshall, wanda kurar gwajin bam din nukiliyar Amurka na 1 ga Maris 1954 a Bikini ta zubo masa, mutanen suka yi ta fama har a 1985 suka kwashe suka bar garinsu. An je an auna burbushin nukiliya a wurare 157 a tsibirin don a san ko za a iya komawa. To anan matsakaicin awo bashi da wani amfani, uba da zai maida iyalinsa ba matsakaici yake tambaya ba, tambayarsa ina ne wurin da gubar tafi yawa kuma ta kai nawa, kuma tsohuwar dabara bata iya amsa wannan da kyau don ita halinta ne ta daddanne tudu ta cike kwari. Sabon tsarin yana iya amsawa.

Inda abun ya shigo gida shine maganar makantar kogi. Wani bakin kuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu shi ke yada tsutsar da ke jawo ta, ita uwar tsutsar tana iya shekara 10 zuwa 15 a jikin mutum tana zuba 'ya'ya, 'ya'yan su ke kawo kaikayi su lalata fata a karshe su cinye ido. A 1987 kamfanin Merck yace zai rika bada maganin Mectizan kyauta, a 1995 aka kafa shirin APOC don rabawa a kasashen Afirka, wanda 'yar Najeriya Dakta Uche Amazigo ta taba shugabanta. Wanda ya taso a kauyukan Kaduna ko Filato ko Taraba ya san sandar nan mai launi launi da ake jingina mutum a auna tsayinsa a bashi kwaya. Maganin baya kashe uwar, 'ya'yan yake kashewa, shi yasa sai an sha duk shekara na tsawon shekaru, kuma sai kusan kowa a gari ya sha kafin a karya lagon cutar. Nijar ma da ta fara yakin tun shekarun 1970 da feshin koguna sai a Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka.

Sai ga matsala a dazukan tsakiyar Afirka. Akwai wata tsutsa daban mai suna Loa loa, tsutsar ido, wani kuda ne mai cizo da rana ke yada ta, kuma mutum yakan ganta kiri kiri tana ratsa farin idonsa. Mafi yawan masu ita suna zaune da abarsu, amma wanda 'ya'yan tsutsar suka cika masa jini, kamar sama da 30,000 a mililita daya, in ya sha Mectizan sai su mutu a lokaci guda abun ya taba kwakwalwa, ya fada doguwar suma, wani ma ya rasu. Garin neman gira a rasa ido kenan, a ma rasa rai gaba daya. A gundumar Okola ta Kamaru dole aka dakatar da rabon maganin a 1999 bayan an yi asarar rayuka, kuma ka san halin mutane, da labari ya bazu cewa kwayar gwamnati ta kashe wane to ko kauyen da ba tsutsar ba mai sake bude baki.

Sai aka kafa ka'ida, duk inda masu tsutsar ido suka wuce kashi 20 cikin 100 ba za a raba magani haka kawai ba sai an tanadi ma'aikata da sa ido da hanyar kai mutum asibiti. Ka'ida tayi kyau, amma wa ya san wane kauye ne ya wuce kashi 20? Kauyuka dubbai ne cikin daji, wasu ba hanyar mota, gwajin kuma sai an debi jini da rana tsakanin wajen karfe 10 na safe zuwa 4 na yamma don lokacin ne 'ya'yan tsutsar suke fitowa cikin jini, sannan a zauna a kirga su a madubin likita.

Anan Diggle ya shigo. A aikin da suka buga a 2007 sun dauki bayanan kauyuka 197 na Kamaru da kudancin Najeriya, suka hada da tsayin kasa daga teku da kuma hoton tauraron dan Adam mai nuna yadda wuri yake da koren ganye, tunda kudan yana son duhuwar daji mai laima kuma baya son kan tsaunuka masu sanyi. Har nan dai wani ma zai iya. Abun da ya bambanta shine irin taswirar da suka mika. Maimakon su zana wadda zata ce nan kashi 17 ne can kashi 24, sai suka zana wadda take cewa yiwuwar nan ya wuce kashi 20 kaza ce. Ka dauki wurare biyu a matsayin misali, dukkansu hasashe yace kashi 17, amma na farko kewaye yake da kauyukan da aka gwada sosai, na biyu kuwa kauyen da aka gwada mafi kusa dashi yana da nisan kilomita 80. A tsohuwar taswira launinsu daya, jami'i zai kalla yace duka lafiya lau a raba. A sabuwar, na farko zai fito a inda hankali ya kwanta, na biyu zai fito a inda ake cewa bamu sani ba. Sai kasa ta rabu uku, inda za a raba magani kai tsaye, inda za a raba da taka tsantsan, da inda za a tura ma'aikata su kara gwaji, kuma dan kudin binciken da ake dashi sai a zuba shi a kashi na ukun maimakon a watsa shi ko'ina.

Ni a ganina tasirin mutumin nan kenan, ya canza tambayar da jami'in lafiya yake yi wa taswira. Kuma ya maida "ban sani ba" ta zama amsa mai launi a jikin takarda wadda ake ware mata kasafi, abun da mu nan yake mana wuya, don masani a wurinmu in yace bai sani ba gani ake ya fadi jarrabawa.

An kuma saukaka gwajin da wata dabara mai suna RAPLOA, a je kauye a tara manya 80 a nuna musu hoton tsutsa a cikin ido a tambaye su ko ta taba ratsa nasu, in kashi 40 suka ce eh to ana daukar wurin daidai da wancan kashi 20 na gwajin jini. Da wannan aka bi kauyuka sama da 4,700 a kasashe 11, taswirar ta fito a 2011 da Honorat Zouré a kan gaba da Diggle cikin marubutan, ta nuna mutum wajen miliyan 14 ne ke zaune a wuraren da hadarin yayi yawa.

Kar a dauka kullum nasara ce. Tun a 1990 yayi wani aiki a yankin Chorley na Lancashire, inda mutane ke zargin wani tsohon wurin kona sharar masana'antu da jawo musu sankarar makogwaro. Yana da gidajen mutum 58 masu sankarar makogwaro daga 1974 zuwa 1983. Matsalar itace in ka diga su a taswira dole su taru inda mutane suka fi yawa, ba don komai ba sai don nan mutane suke, sai ya dauko masu sankarar huhu 978 ya sa su a matsayin ma'aunin yadda jama'a suka bazu, ya tambaya ko na makogwaron sun fi na huhun matsowa kusa da wurin konawar. Lissafi yace eh. Amma duk karfin amsar akan mutum hudu da ke kusa da wurin ya rataya, kuma wurin ma ai sai da aka ga tarin masu cutar sannan aka zarge shi, kamar maharbin da ya saki kibiya sannan ya bi ta ya zagaye inda ta fadi yace nan na nufa. A 1992 wata tawagar ta duba irin wadannan wuraren konawa guda 10 a Birtaniya bata samu alakar ba. To kaga sakamakon bai tsaya da kafarsa ba, amma dabarar ta rayu, har yau da ita ake tambayar ko zama kusa da matatar mai ko babbar hanya ko bola yana kara cuta. Mudun Hirsch bai san wannan bambancin ba, wanda ya ambace ka don ya karyata ka da wanda ya ambace ka don ya gina asibiti akan maganarka duk maki daya ne.

Akwai kuma takardarsa ta 2010 da nake ganin duk mai aikin muhalli ya kamata ya santa. Bayanan daga yankin Galicia na kasar Sifen suke, ana auna dalma a jikin gansakuka don a san gurbatar iska, zagayen 1997 an fi dibar samfur a bangaren da aka fi zato, zagayen 2000 kuma an bi layi daidai ko'ina. Suka nuna cewa in wurin da ka zaba ka auna yana da alaka da abun da kake tsammanin samu, to taswirarka ta karkace tun kafin ka kunna kwamfuta, sannan suka kawo hanyar gyara. Duk sanda na tuna wannan sai Zamfara ta fado min, 2010, gubar dalma daga dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje, Dareta da Yargalma da Abare da Bagega, yara sama da 400 suka rasu. Ba aikinsa bane wannan, kuma ba laifi bane da masu agaji suka ruga inda yara ke mutuwa, haka ya kamata. Amma duk wanda zai dauki awon wadancan kauyukan yace ga halin jihar gaba daya ya zarce, wanda kuma zai ce kauyen da ba a auna ba lafiya yake shima ya zarce, kauyen da ba awo ba shaida yake dashi ba kawai.

Wani bangaren da mudun baya kamawa shine manhaja. Shi da Paulo Ribeiro dan Burazil sun fitar da manhajar geoR kyauta a cikin R, tsarin kwamfuta na aikin kididdiga, daga baya dalibinsa Emanuele Giorgi ya jagoranci PrevMap, dalibi a Zariya ko Yamai ko Yawunde zai sauke yayi aikin digirinsa ba tare da ya biya ko sisi ba. Shirin taswirar maleriya na duniya da aka fara a Oxford irin wannan tsarin ya dauka ya fadada, kuma daga can ne lissafin nan na 2015 ya fito cewa an kauce wa kamuwa da maleriya kusan miliyan 663 a Afirka daga shekarar 2000, kashi 68 na wannan saboda gidan sauro mai magani. Sunan Diggle baya cikin marubutan waccan takardar. Dabara in ta karbu sosai sai ta zama kamar gishiri a miya, ba mai tambayar wa ya kawo. Birtaniya ma ta gane da wannan gibin, shi yasa a tantance jami'o'inta na 2014 ta ware kashi 20 na maki ga abun da bincike ya canza a wajen jami'a, a 2021 ta kara zuwa 25, sai jami'a ta kawo hujjar cewa wata doka ko wani aiki ya sauya saboda binciken malaminta. Mu kuwa har yanzu kwamitin karin girma kirga takardu yake, shi yasa malami zai yanka bincike daya gida uku.

Sai dai wani abu yana ci min tuwo a kwarya, har a wannan rubutun nawa. Gashi nan ina ta Diggle Diggle, alhali kauyuka 197 din nan wasu ne suka taka su da kafa. A takardar 2007 akwai sunayen masanan Kamaru irinsu Samuel Wanji da Innocent Takougang da Peter Enyong da Joseph Kamgno, a bayansu kuma akwai masu dibar jini da direbobi da masu fassara da masu unguwannin da suka lallashi mutanensu, wadanda ko a godiyar karshen takarda ba lallai su fito ba. Kura da shan bugu gardi da karbar kudi. Ban ce shi ya tsara haka ba, sunayen abokan aikinsa suna nan a jere kuma shekarunsa na baya bayan nan da yawa ya kashe su wajen koyar da 'yan Afirka wannan lissafin, amma tsarin ambato haka yake, sunan farko ake rikewa sauran a dunkule su a "da sauransu".

Ita kanta taswirar tana da iyaka, don kauye take gani bata ganin mutum. Tana iya ce maka nan hadari ne amma bata san ko Malam wane ne jininsa ya cika ba. Shi yasa a 2015 Kamgno da tawagarsa suka koma Okola din nan da aka gudu aka bari, dauke da wata na'ura mai suna LoaScope da aka kera a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, wayar hannu ce aka dora akan karamin madubi, a diga jini ta dauki bidiyon motsin 'ya'yan tsutsar ta kirga cikin minti uku. Duk wanda ya wuce 20,000 a mililita sai a ce kai dakata, saura a basu kwaya. Sun gwada sama da mutum 16,000, sama da 15,000 suka sha, ba wanda ya fada suma.

Da aka kawo na'urar kudancin Najeriya kuma sai ta zo da wani labarin. An gwada sama da mutum 10,000 a kauyukan da tambayar hoton ido ta nuna akwai tsutsar sosai, sakamakon da aka buga a 2018 yace ba a samu ko mutum daya da ya kai matakin hadari ba. Ma'ana wancan kashi 40 da kashi 20 da aka gina taswirar akansu ba ko'ina suke nufin abu daya ba, yawan masu tsutsa daban, yawan tsutsa a jikin mutum daban, kuma alakarsu tana canzawa daga wannan daji zuwa wancan. Diggle da abokan aikinsa dama tun 2016 sun koma kan wannan gabar, suna lissafin mutum nawa ne a kauye ake sa ran jininsu ya wuce iyaka in an gwada 'yan kadan, wato sun sauya abun da ake zanawa daga yawan masu cuta zuwa yawan wadanda kwayar zata iya kayarwa.